Yadda ake kama doki a guje cikin hoto, da abin da irin wannan hoton ke sharewa

Duk bayan hawan sallah a Gumel, shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na matasan masarautar kan cika da hotunan dawakai, kuma galibinsu ba sa wuce iri biyu. A wasu, doki ya daskare a sararin fili kamar an sassaƙa shi, ƙafafunsa a sama, ƙurar da ya tayar ta tsaya cak, babu abin da ke nuna cewa sukuwa yake yi. A wasu kuma komai ya caɓe: mahayi, alkyabba, dogarai da 'yan kallo duk sun narke sun zama dishi-dishi, ba a ma gane launin dokin.

Akwai hoto na uku, wanda ba a cika gani ba. A cikinsa fuskar mahayi da rawaninsa da adon sirdi sun fito raɗau, amma katangar da ke bayansa da jama'ar da ke gefe sun ja sun zama zirin launuka a kwance, kamar iska ce ta share su. Wanda ya kalle shi zai ji gudun a jikinsa. Masu sana'ar hoto na kiran wannan dabara da Turanci fanin, ma'ana a raka abin da ke gudu da kyamara yayin da ake ɗauka, don haka ana iya ce mata ɗaukar rakiya. Ba ta buƙatar kaya masu tsada sosai. Abin da take buƙata shi ne fahimtar lissafin da ke ƙarƙashinta da kuma yawan gwaji. Ga mai aikin jarida kuwa, ko matashin da ke amfani da wayarsa wajen bibiyar masu mulki, akwai ƙarin abin da ya kamata ya sani, domin hoton rakiya yana iya faɗin abin da bai faru ba.

Lissafin ƙyauren kyamara

Kowace kyamara tana da abin da za a iya kira ƙyaure, wanda ke buɗewa ya bar haske ya shiga, sannan ya rufe. Tsawon lokacin da ya yi a buɗe ana auna shi da kason daƙiƙa: 1/1000 na nufin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, 1/60 kashi ɗaya cikin sittin. Duk abin da ya motsa a gaban kyamara cikin wannan ɗan lokaci zai bar sawun motsinsa a jikin hoton.

A ɗauki dokin da ke sukuwar kilomita 40 a awa. Wannan ya kama kusan mita 11 a kowace daƙiƙa. Idan ƙyaure ya buɗe na 1/1000, dokin bai matsa ba sai abin da ya ɗan haura santimita ɗaya, shi ya sa yake fitowa a daskare. Idan aka sassauta zuwa 1/60, zai matsa kusan santimita 18 kafin ƙyauren ya rufe, kusan taƙi guda ke nan. In kyamara na tsaye wuri ɗaya, wannan taƙin ne ke shafe dokin, ita kuwa katanga ta fito fes tunda ba ta motsa ba.

Ɗaukar rakiya juya wannan lamari take yi. Mai hoto yana karkata kyamara daidai da saurin dokin, ta yadda a idon kyamarar dokin ne ke tsaye, katanga da jama'a su ne ke gudu. Tushen dabarar ke nan gaba ɗaya. Sauran duk horon hannu ne da ido.

Wani abin da masu koyo ke yawan mantawa shi ne, kyamara ba ta san kilomita ba. Abin da ta sani shi ne yadda abu ke ratsa faɗin hoton da sauri ko a hankali. Babur ɗin da ya gifta mita biyar daga inda mutum yake tsaye zai wuce kamar ƙiftawar ido, amma tirela mai irin wannan gudun a nisan mita hamsin sai a ga kamar rarrafe take yi. Saboda haka ba a haddace lamba ɗaya a ce ita ce ta doki ko ta mota. Akwai dai inda ake farawa: mai keke ko amalanken shanu, wajajen 1/15 zuwa 1/30, doki mai sukuwa ko babur a cikin gari, 1/30 zuwa 1/60, mota a kan babban titi, 1/125 ko sama da haka. Daga nan sai a duba abin da ya fito, a ƙara ko a rage. Gwargwadon jinkirin ƙyaure, gwargwadon tsawon zirin da ke baya, kuma gwargwadon yawan hotunan da za su lalace.

Tsayuwa da juyi

Ana tsayawa ne da ƙafafu a ɗan ware, a fuskanci wurin da ake son danna maɓalli, wato daidai inda abin zai gifta ta gaba. Daga nan sai a murɗa jiki daga ƙugu zuwa ɓangaren da yake tahowa. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Juyin daga ƙugu yake fitowa, domin hannu kaɗai karkarwa yake yi. A kama abin tun yana nesa, a zaɓi wuri ɗaya a jikinsa, kamar fuskar mahayi ko ƙofar direba, a liƙa masa ido. A danna a hankali ba tare da an tsaya ba, kuma a ci gaba da juyin bayan an danna. Yawancin hotunan da ke lalacewa a nan suke lalacewa: da jin ƙarar ƙyaure sai hannu ya tsaya, alhali ɗaukar ba ta ƙare ba. Maharbin da ya taɓa bin tsuntsu a sama da bakin bindiga ya san wannan.

A kyamarori masu canjin gilashi, ana zaɓar tsarin da mai hoto ke tsayar da saurin ƙyaure da kansa, wanda Canon ke yi wa alamar Tv, Nikon da Sony kuma S. A kunna saitin da ke bin abin da ke motsi, wato AI Servo a Canon ko AF-C a sauran, tare da ɗauka a jere, domin cikin hotuna biyar ko shida na juyi guda akan samu ɗaya ya dace. Na'urar hana girgiza da ke cikin wasu gilasai tana iya ɗaukar juyin a matsayin kuskure ta yi ƙoƙarin gyara shi. Shi ya sa wasu gilasan Canon ke da matsayi na 2, wanda ke gyara girgizar sama da ƙasa kawai. Inda babu irinsa kuma aka ga hoton na fizga, a kashe na'urar a sake gwadawa.

Doki ya fi mota wahala. Mota dunƙule guda ce, duk jikinta gudu ɗaya yake yi. Doki kuwa gabansa yana tafiya, kansa na sunkuyawa yana ɗagowa, ƙafafunsa kowace da nata saurin, mahayi kuma yana tashi yana zama a kan sirdi. Ba za a taɓa samun dukkansa ya fito tar ba a 1/30, kuma ba a ma so. Idan fuskar mahayi ta fito, shafewar ƙafafu da bakin alkyabba ƙarin armashi ne. Sai kuma batun wurin tsayawa, wanda ya fi kowane saiti muhimmanci a filin hawa. Lokacin jahi, mahaya kan sako dawakai ne kai tsaye zuwa gaban sarki, su ja linzami su yi jinjina. Wanda ya tsaya ta ɓangaren da sarki yake, dawakan fuskantarsa suke yi, babu abin da zai raka. Ɗaukar rakiya sai daga gefe, inda sukuwar ke ratsawa daga hagu zuwa dama ko akasin haka, kuma a nisan da dokin da ya ƙwace ba zai tarar da mutum ba. Bayan fage ma sai an zaɓa. Sarari fari fat ko doguwar katanga mai launi ɗaya ba sa nuna ziri. Jajayen riguna da korayen na dogarai, laima, tutoci da bishiyoyi su ne ke ba da shi.

Ranar arewacin Jigawa

Mafi yawan bayanan da ake samu a intanet kan wannan dabara an rubuta su ne a ƙasashen da rana ke da sauƙi. A Gagarawa ko Sule Tankarkar da tsakar rana, matsalar farko ita ce haske ya yi yawa. Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida: a rana tsaka mai ƙarfi, in an sa kafar shigar haske a f/16, ƙarfin jin haske kuma a ISO 100, saurin ƙyauren da ya dace yana wajajen 1/100. Wanda ke son 1/30 sai ya ƙara tsuke kafar, kuma gilasai da yawa ba sa wuce f/22. Sakamakon shi ne farar riga da farin rawani su ƙone, babu zare babu aiki.

A waya abin ya fi tsanani. Kafar hasken yawancin wayoyi a buɗe take wajajen f/1.8 kuma ba ta tsukewa. A irin wannan rana, ko an sauke ISO zuwa 50, wayar na buƙatar kusan 1/4000. Daga nan zuwa 1/60 ninki sittin da wani abu ne na haske. Wannan ne dalilin da ya sa matashi zai shiga tsarin Pro na wayarsa, ya sa 1/60 kamar yadda ya karanta, ya samu fari sol. Maganin shi ne baƙin gilashi mai rage haske, wanda ake maƙalawa a gaban kyamara kamar tabarau. Mai lamba ND64 yana rage hasken ninki 64, daidai abin da lissafin ya nema. Wanda bai da shi sai ya jira lokaci: sanyin safiya, ko bayan la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. Hazon hunturu ma yana taimakawa, kodayake ƙurarsa na shiga kyamara, kuma a tsukakkiyar kafa kowane ɗigon ƙura da ke ciki sai ya bayyana a hoton.

Wani abu kuma da mai waya zai lura da shi: turakun lantarki da ke bayan fage sukan fito a karkace. Wayar ba ta ɗaukar hoton lokaci guda, layi-layi take karantawa daga gefe zuwa gefe, kuma kafin ta kai layin ƙarshe hannu ya matsa. Wannan ba sabon abu ba ne. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani matashi Bafaranshe mai suna Jacques Henri Lartigue ya ɗauki motar tsere yana raka ta da kyamara. Tayar motar ta fito kamar ƙwai ta karkata gefe guda, 'yan kallo da turaku sun karkata ɗaya gefen, saboda ƙyauren kyamararsa tsaga ce da ke ratsa farantin hoto a hankali. Hoton da a ƙa'ida ya lalace, yau yana cikin sanannun hotunan ƙarni na ashirin. Tun kafin shi, a 1878, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya don ya daskarar da doki a guje, ya nuna cewa akwai lokacin da kofatai huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya. Shi hujja yake nema, don haka ya kashe motsin. Hoton Lartigue kuwa jin gudun yake bayarwa. Wannan bambanci na nan har yau, kuma shi ne ya fi shafar ɗan jarida.

Hoton da ba ya auna gudu

Gagarawa Tasha ta samo sunanta ne daga tashar jirgin ƙasa da ke kan layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930. Yau abin da ya fi zirga-zirga a yankin shi ne babura da manyan motoci, musamman a ƙarshen mako, bayan kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis. Ana ganin motocin shanu da mutane zaune a saman katakon, abin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha yin gargaɗi a kansa. Wanda ya tuna fashewar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, wadda ta kashe mutum fiye da 150, ya san cewa maganar manyan motoci a titunan Jigawa ba ta wasa ba ce. Matashin da ke son nuna wa hukuma halin da titin garinsu ke ciki yana da dalilin ɗaukar hoto.

Amma hoton rakiya ba ya tabbatar da gudun wuce sa'a. Tsawon zirin da ke bayan mota ya dogara ne da abubuwa uku: gudun motar, nisanta, da jinkirin ƙyaure, kuma biyu daga ciki a hannun mai hoto suke. Yaro a kan keke a 1/8 zai fi tirela a 1/250 kama da mai gudu. Duk wanda ya wallafa irin wannan hoto ya rubuta a ƙasa cewa ga yadda direbobi ke tukin ganganci, ya ɗora wa hoton nauyin da ba zai iya ɗauka ba, kuma direban da lambar motarsa ta fito raɗau yana da hakkin ya ƙi yarda. Abin da hoton zai iya shaida shi ne abin da ke jikin motar: mutum nawa ne a sama, wace lamba ce, wane kaya aka ɗora. Idan gudu ake son nunawa, bidiyon da aka ɗauka da waya a kafe, inda motar ta wuce tsakanin turaku biyu da aka auna nisansu, ya fi kowane kyakkyawan hoto amfani.

Abu na biyu shi ne, dabarar tana share wuri. Masu tantance hotuna suna gane inda aka ɗauki hoto ne ta hanyar allon shago, hasumiyar masallaci, fasalin gini ko alamar titi, kuma waɗannan ne ainihin abubuwan da rakiya ke mayarwa ziri. A yankin iyaka wannan babban lamari ne. An rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agustan 2019, Maigatari na cikin huɗun da aka fara buɗewa a Disambar 2020, aka sake rufe iyaka da Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta, hoton ɗan babur ɗauke da jarkoki, ba tare da bayan fage ba, kowa na iya liƙa masa sunan garin da ya ga dama, Maigatari ko Illela ko Jibiya, da shekarar da ya ga dama. Jarkar kuma ba ta faɗin abin da ke cikinta, ko fetur ne ko ruwa ko man gyaɗa. Fuskar da ta fito tar ita ce ta ɗan babur ɗin, wanda shi ne mafi rauni a cikin duk masu hannu a harkar, in ma akwai harkar. A nan ya kamata mai hoto ya tambayi kansa wa yake fallasawa. Wani lokaci juya dabarar ya fi dacewa: a kafe kyamara, a bar ƙyaure a 1/30, wurin ya fito fes, mai wucewa ya shafe ba a gane shi.

Masu hoton 'yan siyasa sun san amfanin wannan sharewa, kuma ba laifi suke yi ba, aikinsu ke nan. Ayarin motocin ɗan takara da aka ɗauka da rakiya yana ba da siffar ƙarfi da ci gaba. Mutum talatin a bakin titi kan zama dogon zirin launi mai kama da cincirindo. Ajin da rufinsa ya yaye da famfon da ya daina aiki duk sun narke. Ɗan jarida da ya kwaikwayi wannan salon ba tare da tunani ba ya yi wa ofishin yaɗa labaran wani aiki kyauta. A Gagarawa ma akwai misali a kusa. Taƙaddamar da aka yi shekarun baya kan filin noma mai faɗin kusan hekta 12,000 da gwamnatin jiha ta ware wa wani kamfani don noman rake a Gagarawa da ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da ita, labari ne na gonaki da masu su. Hoton motar babban jami'i tana keta wannan fili, gonakin sun zama kore-kore a bayanta, zai yi kyau a ido, amma ya goge ainihin abin da ake jayayya a kansa.

Sai kuma rakiyar da ba hannu ne ya yi ta ba. Tun 2021, wayar Pixel 6 ta kamfanin Google ta zo da tsarin Action Pan, wanda ke haɗa hotuna da dama ya ƙirƙiri zirin bayan fage da lissafin kwamfuta, kuma akwai manhajoji da yawa da ke sa wa motar da ke ajiye ziri kamar tana gudu. Ga hoton biki ko na talla babu damuwa. A aikin jarida kuwa ƙa'idar a bayyane take: ba a ƙara wa hoto abin da babu, ba a cire abin da ke ciki. A Janairun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras, mai hoton da ke cikin waɗanda suka ci kyautar Pulitzer, saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. A gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kusan kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da kima. Zirin da ƙyaure ya haifar abu ne da ya faru a gaban kyamara. Wanda manhaja ta zana ƙari ne, kuma dole a faɗa wa mai karatu.

Gane na jabu ba ya da wuya sosai ga mai lura. A rakiya ta gaskiya tayoyin mota suna nuna juyawa, ƙafafun doki suna shafewa, kuma ba kasafai dukkan jikin abin ke fitowa tar daga gaba har baya ba. Idan aka ga ƙarafunan tayar babur a tsaye ana iya ƙirga su, alhali bayan fage ya ja kamar guguwa, ko aka ga gefen rigar mahayi a yanke kamar da almakashi, akwai alamar tambaya.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin karɓa da yaɗa bayanai, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai aikin bin diddigin gwamnati. Wannan bai hana a yi hattara a shingayen jami'an tsaro da wuraren soja ba, inda dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta taƙaita ɗaukar hoto. A bakin titi kuma, wanda idonsa ke cikin kyamara yana bin mota ɗaya ba ya ganin ta biyu, don haka a tsaya nesa da kwalta, a samu wanda zai riƙa duba hanya.

Ga wanda zai aika irin wannan hoto zuwa ɗakin labarai, abin da edita zai nema bai da yawa. Kafin rakiyar ko bayanta, a ɗauki hoto ɗaya mai faɗi da ƙyaure mai sauri daga wuri guda, wanda ke nuna allo ko gini da za a iya ganewa. A ajiye asalin fayil ɗin, domin a cikinsa ne kyamara ke rubuta rana da lokaci da saurin ƙyaure. WhatsApp na goge waɗannan bayanai idan aka tura a matsayin hoto, amma yana barinsu idan aka tura a matsayin takarda. A ƙasan hoton kuma a rubuta gari da rana, a ƙara da cewa an ɗauke shi ne ta hanyar raka motar da kyamara a 1/60, ko ma nawa ne aka yi amfani da shi.